Fankar da ban taɓa kunnawa ba

Ranar Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, na biya gidan Yaya in gaishe ta. A ƙofar gida na tarar da adaidaita sahun da ɗanta yake haya da shi. Na shiga na zauna ina jiran ya fito, sai ƙafata ta taɓa wani abu a ƙarƙashin kujera. Gora ce sabuwa, an naɗe mariƙinta da baƙar roba, kusa da ita ga hula mai hoton wani ɗan takara. Da yaron ya fito na tambaye shi, sai ya ce, "Kawu, ba tawa ba ce, 'yan majalisarmu ne suka ba ni ajiya." Gabana ya faɗi. Shekararsa 20, ko gemu bai gama fito masa ba.

A 2011 ina da shekara 23, ina acaɓa a Kano, kafin a hana goyo a babur a 2013. Majalisarmu tana gindin wata darbejiya, benci biyu da teburin mai shayi. Wallahi babu ɗan daba ko ɗaya a cikinmu. Akwai tela, akwai mai cajin waya, akwai ɗalibai biyu. Musun ƙwallo ne aikinmu, har zaɓe ya matso, hira ta koma guda ɗaya safe da dare: za a sace mana ƙuri'a. Sau ɗaya na taɓa cewa, to idan kuma ba a sata ba fa, idan can kudu suka fi mu fitowa? Aka yi mini ca. Aka kwana uku ana kirana ɗan lema, ana cewa an saye ni. Daga ranar na kama bakina. Kafin wata ya zagayo, ni ne kan gaba wajen yi wa wasu ca, kuma har zuciyata na yarda da abin da nake faɗa.

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar, 16 ga Afrilu. Kafin Litinin sakamako ya nuna Jonathan ya yi wa Buhari nisa. Da safe na fito na ga hayaƙin tayoyi ya turnuƙe sama. Ban fita da niyyar komai ba, babur ma a soro na bar shi. Mu goma sha wani abu muka tashi daga gindin darbejiya, kafin mu kai bakin titi ban san adadinmu ba. Wanda bai taɓa shiga irin wannan taro ba ba zai gane ba. Jikinka ya yi sakayau, tsoro ya tafi, ka ji kamar babu mai ganinka, ka ji kuma duk abin da ake yi daidai ne tunda kowa yana yi.

Akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai kemis a unguwarmu. Ya fi shekara goma a wurin, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma shi yake ba mahaifiyata maganin hawan jini bashi idan wata ya yi nisa. A gabana aka ɓalle ƙofar shagonsa. Mutane suka yi ta shiga, ni ma na shiga. Na fito da fanka ta tsaye, shuɗiya, ɗayan fiffikenta a tsage. Har yau ban san me ya sa na ɗauka ba. A lokacin an yanke mana wuta ma a gida.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban doki kowa ba, ban ƙyasta ashana ba. Gaskiya ne kuma. Mun yi imani an cuce mu, ga talauci, ga rashin aiki, ga manyan da suka yi ta hura mana kunne kafin zaɓe, ranar da abin ya ɓaci suka kulle gidajensu. Su ma suna da nasu alhakin, ba zan yafe musu wannan ba. Amma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum fiye da 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na arewa. A Bauchi an kashe masu yi wa ƙasa hidima guda 10, yara sa'o'ina da aka turo aikin zaɓe. Mai adda ba ya ɗaga ta sai ya waiwaya ya ga jama'a a bayansa, kuma irina ne suka cika bayan nasa, mu da muke cewa ba mu doki kowa ba.

Da na shigo da fankar, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ta wa ce?" Na kasa amsawa. Ta gane ta, don a gabanta take zama idan ta je awon jini. Kwana uku ba ta taɓa abincin da aka dafa da kuɗina ba. Mai kemis bai dawo ba, ban san ko yana raye ba. Wani malami ya ce in fitar da kimarta sadaka da niyyar mai ita, na yi har sau biyu. Fankar tana nan a bayan ƙofar ɗakina.

Ku matasa, na so in jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa. Majalisar da ba za ka iya cewa "ban yarda ba" a cikinta ka tashi da mutuncinka ba, ka bar ta yau. Ku kuma naku ya fi namu muni, don mu muna tashi mu tafi gida mu kwanta, ku majalisar tana aljihunku, a WhatsApp da TikTok, har ƙarfe biyun dare ana zuga ku. Ana yi muku magana kanku yana sunkuye a waya, wani da ba ku taɓa gani ba ya fi uwar da ta haife ku iko da ku.

Kada ka karɓi ajiyar abin da ba za ka iya nuna wa mahaifiyarka ba. Ranar sakamako kuma ka zauna a gida, ko da kana ganin kai mai hankali ne, don ni ma haka nake ganin kaina.

Wani lokaci ji nake in ce ku rabu da siyasa kwata-kwata. Sai kuma in tuna idan kuka bar ta, su waye za su rage a cikinta? To ku yi rajista, ku jefa ƙuri'a, ku tsare ta. Amma tsare ƙuri'a ɗin nan ma da shi aka fara jan mu. Ban ce kuma mutum ya zauna ba aboki ba, wanda ya keɓe kansa ya fi saurin faɗawa hannun na farko da ya yi masa fara'a.

Na kai yaron ɗakina na nuna masa fankar, na ba shi labarin da ko matata ba ta san shi duka ba. Ya saurara, ya ce, "To Kawu, Allah Ya kyauta." Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya ce ana jiransa. Gorar dai na riƙe, na ce duk mai ita ya zo wurina ya karɓa.