Tsofaffin Wayoyi Shida da Ranar da Na Tashi Sabunta BOINC

Wayoyi shida nake kula da su, duk tsofaffi da 'yan'uwa da abokai suka jingine bayan sun yi sababbi. Na roƙe su ne don in sa musu BOINC, manhajar da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2002, wadda mutum ke ara wa masu bincike ƙarfin na'urarsa da ita lokacin da take zaune banza. Ta iso Android a 2013. Wayoyina wani shirin bincike mai suna Einstein@Home suke yi wa aiki, suna tace bayanan da aka tattaro daga sararin samaniya don neman taurarin da ake kira pulsar.

Sa manhajar bai ɗauke ni rabin yini ba. Sai da lokacin sabuntawa ya zo na san na yi gaggawa.

BOINC ba ita ke yin lissafin da kanta ba, 'yar aike ce. Takan sauko da wata ƙaramar manhaja daga sabar masu binciken, wato babbar kwamfutarsu da ke rarraba aikin, ta kunna ta, ta mayar musu da sakamako. To, wannan hanyar ce miyagun manhajoji ma ke bi, shi ya sa shagunan manhaja suke ƙyamarta, kuma shi ya sa babu BOINC a iPhone. Tun Android 10 da ya fito a 2019, manhajar da aka gina bisa sabon ma'auni ba ta da izinin kunna fayil ɗin da ta sauke cikin ma'ajiyarta. Ban ga laifin dokar ba, tana kare mutane da yawa. Amma ita ta sa masu sa kai da dama suka koma ɗauko fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake sa manhaja da shi a Android, daga shafin BOINC ko daga F-Droid, wani shagon manhajoji na daban.

Kuskurena shi ne uku na sa musu daga wuri ɗaya, uku daga wani, ban kuma rubuta wacce daga ina ba. Da na ɗauko sabon APK, uku suka karɓa, uku suka ƙi. Ashe kowace majiya da irin sa hannun da take yi wa manhajarta, kuma Android ba ya yarda a ɗora sabuwa a kan tsohuwa idan sa hannun bai zo ɗaya ba. Cikin rashin haƙuri na goge tsohuwar a duka ukun. Ayyukan da suka kwana biyu suna lissafawa suka tafi tare da ita. Makin da ake ba ni kan ayyukan da aka gama bai taɓu ba, tun da yana cikin asusuna a sabar. Abin da ya dame ni shi ne sabar ba ta san na goge ba, za ta yi ta jira har wa'adin ayyukan ya cika kafin ta tura wa wani. Na je taimako, na jawo jinkiri.

Yanzu majiya ɗaya nake bi. Idan ya zama dole in goge, nakan fara hana wayar karɓar sabon aiki, in bari ta gama na hannunta ta kai rahoto. Sabuwar fitowa kuwa waya ɗaya nake sa wa, in sa mata ido mako guda kafin sauran su biyo.

Bayan kowace sabuntawa nakan sake duba saiti. BOINC kan zo a tsare da cewa ba za ta yi aiki ba sai waya na caji, batir ya kai kashi 90, zafinsa bai wuce digiri 40 ba, kuma ta Wi-Fi kawai za ta sauke aiki. Ba na sassauta ko ɗaya, domin wayoyin aro ne. Nakan kuma cire ta daga tsarin tanadin batir, in ba haka ba wayar kan kashe ta da zarar allo ya mutu, a wayi gari ba a yi komai ba.

Ɗaya daga cikin shidan na dakatar da ita watan jiya, da na ga bayanta ya fara tasowa alamar batir ya kumbura. Na bari ta kai rahoton aikinta na ƙarshe, na zare cajar, na kira mai ita na gaya masa.