Idan annoba ta hana taro: yadda makaɗi zai riƙe kansa da yaransa

A tsakiyar watan Maris na 2020 makaɗa sun cika bakin kogin Matan Fada a Argungu, domin an dawo da bikin kamun kifi bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Kafin watan ya ƙare korona ta sa an ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja, sauran jihohi suka bi da hana taruwa, masarautu da dama kuma suka soke hawan sallah. Kalangu ya koma jikin ƙusa. Annoba ba baƙuwa ba ce a yankin nan, ga sanƙarau na 2017 da ya fi tsanani a Zamfara, don haka wannan zama zai iya sake zuwa.

Makaɗi yana rasa abu uku a rana ɗaya. Kuɗin liƙi shi kowa ke gani. Na biyu tsarin yini: mutumin da ya saba fita bayan la'asar ya dawo ƙarfe biyun dare, yanzu ba abin da ke tashinsa, ba abin da ke kwantar da shi. Na uku ya fi ciwo, kuma ba a faɗarsa: guɗar mata, da hannun da ake ɗagawa idan an ambaci sunan kakan wani. Wanda ya shekara ashirin yana jin kansa mutum ne a tsakiyar fili, shirun zaure yana cinsa.

A fara da barci, don daga nan komai ke lalacewa. A tsayar da lokacin tashi ɗaya, sallar asuba ta wadatar, ko da daren bai yi daɗi ba. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Ƙailula kada ta wuce minti 30, in ta wuce za ta cinye barcin dare. Goro da shayi mai kauri a bar su daga la'asar, domin abin da ke cikinsu mai hana barci yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bar jiki. Labarin annoba a saurare shi a rediyo sau biyu a yini, safe da yamma, a bar bin kowace murya da aka turo a WhatsApp. In ƙirji ya ɗaure, zuciya na bugu, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, har minti biyar. Mabushin algaita ya san wannan aikin fiye da likita.

Gwaji kuma kada ya tsaya. Awa ɗaya da hantsi, kullum. Mawaƙi ya fara da gunji a ƙasa-ƙasa na minti goma kafin ya ɗaga murya, ya sha ruwa sosai, ballantana a zafin Afrilu. Makaɗi ya sauko da kalangu ya duba tsarkiya da fata. Muryar da ta yi wata uku a kwance, in aka kai ta fili kai tsaye, dishewa take a daren farko.

Maigidan ƙungiya shi ke da babban nauyi. Shi yana da iyayen gida da za su aiko da buhun gero, amma 'yan amshi da masu ƙananan ganguna rabon ranar kawai suke ci, su ne ke fara faɗuwa. Ya ware musu kaso daga duk abin da ya shigo, ya faɗa musu adadin a fili, don zargi shi ke wargaza ƙungiya kafin yunwa. Ya kira kowane ɗaya a waya sau biyu a mako. "Lafiya lau, maigida" ba amsa ba ce, kowa haka zai ce. Ya tambaya: jiya ƙarfe nawa ka yi barci, yau me ka ci, wa ka yi hira da shi? Wanda ya koma noman rani a fadama ko ɗaukar albasa a Aliero kada a yi masa gori. Abin da za a hana shi ne sayar da kayan kiɗa, domin kuɗin ba ya kai mako biyu, sana'ar kuma ta tafi.

Akwai inda haƙuri da addu'a ke buƙatar a haɗa su da asibiti. Idan mutum ya kai mako biyu cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so ya fita ransa, abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, yana cewa ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A kai shi babban asibiti a Gusau ko Birnin Kebbi, in ya yi tsanani akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga sauƙi, a nan ne mutane ke yar da shi su ce bai yi ba. Wanda ya saba da tramadol don ya jure kiɗan dare kada ya yanke shi rana ɗaya ba tare da likita ba, jiki zai yi ciwo, gumi da rashin barci su mayar da shi. Yawan shan tramadol kuma yana kawo farfaɗiya.

In yaro ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum aikatawa. A kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona daga ɗakinsa, wani ya kwana tare da shi, a kai shi asibiti ba tare da an jira sai an ga yadda gobe za ta yi ba.