Juya ganyen kafin ka sayi magani

A bazarar da ta wuce, furannin da na dasa a tsakar gidanmu a unguwar Ƙofar Ƙaura suka fara nannaɗe ganye, tohonsu yana zubewa tun bai buɗe ba. Wani maƙwabcina ya ce in nemo fiya-fiya, ni kuwa saboda gaggawa na fesa ta da rana tsaka. Cikin kwana biyu ganyen ya ƙone, ƙudan zuma suka ɗauke ƙafa, ɓarnar kuma ta ci gaba a sabon toho, domin har lokacin ban san abin da ke cin shukar ba.

Sai da na durƙusa na juya ganye ɗaya, sannan na ga ƙananan ƙwari kore sun yi cincirindo a bayansa, yatsana kuma ya yi danƙo kamar na taɓa zuma. Wannan ita ce darba, wadda manoman dawa suka daɗe da sani. Tana tsotse ruwan tsiro ta fitar da wani ruwa mai zaƙi, kuma a kan wannan ruwan ne baƙar fumfuna take yaɗuwa har ganye ya zama kamar an shafa masa baƙin tukunya. Tururuwar da ke kai da komo a jikin kara zaƙin take bi, har takan kare darbar daga ƙwarin da ke cinye ta, saboda haka ganinta a jere alama ce babba.

Kowace ɓarna da irin sawunta. Fara da tsutsa su ne ke huda ganye ko su gutsure gefensa, kuma tsutsa takan bar baƙin kashinta a wurin. Idan ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari da siririyar yanar gizo a ƙasansa, musamman a ƙurar hunturu da zafin bazara, to, jan gizo-gizo ne mai ƙanƙantar gaske. Shukar da ta yi yaushi alhali ƙasarta da danshi, a tona gindinta a duba gara.

Maganin da ya yi mini aiki yana ƙofar gida. Na tsinci 'ya'yan bedi, wato bishiyar darbejiya ko dogon yaro, na ɓare, na shanya, na daka ƙwayar kamar giram 50, na jiƙa a ruwa lita 1 ya kwana. Da safe na tace da ƙyalle, na ɗiga ruwan sabulu kaɗan domin ya kama ganye. Da la'asar sakaliya nake fesawa, lokacin da rana ta yi sanyi kuma zuma ta koma gida, ina ɗaga kowane reshe domin ruwan ya kai bayan ganyen. Bedi ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da girma yake yi, don haka sai an yi haƙuri an maimaita duk bayan kwana 7.

Rassan da suka lalace ƙwarai na yanke su na ƙone. A fesawa ta uku ne na ga sabon toho ya fito a miƙe, na juya bayansa na tarar da shi tas.