Sha biyun da ya ƙone min bawul

Har yanzu in na tuna abin nan raina ɓaci yake wallahi. Taraktar mahaifinmu ce, Allah ya ji ƙansa, Massey Ferguson 135, irin jajayen nan ƙirar Ingila, injin Perkins mai silinda uku. Ta daɗe a ajiye ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Kumo, har ƙannena suka fara zancen a sayar wa 'yan gwangwan, na ce ba dai ina raye ba. Da rani na sauke injin, ringi sabo, gasket sabo, aka gurza bawul, duk wannan ya tafi lafiya lau.

Wajen setin tafet ne na yi ɓarnar, wato daidaita ɗan gibin da ake bari don bawul ya riƙa rufuwa sosai.

Na kira wani dattijon makaniki abokin marigayi, mutum ne da yake taɓa tarakta tun zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi. Na ce Baba nawa zan ba tafet ɗin? Ya ce "sha biyu ɗana, inji na sanyi, na shiga da na fita duk ɗaya." Na yi godiya na ɗauko fila gej ɗina, abin auna gibin nan mai siraran rassan ƙarfe, tsohuwa ce duk tsatsa ta cinye rubutun, na ga wani reshe an rubuta 0.127 na ce to ga sha biyu nan. Ashe sha biyun Baba na inci ne, wato .012, wanda a milimita 0.30 ne. Wanda na ɗauka kuwa .005 ne na inci, ko rabin abin da ake so bai kai ba. Kuma fa sauran aikin na yi shi da kula, ina juya inji da hannu har fistin ya hau sama bawul biyun a rufe, sandar da ke tura roka (ƙarfen da ke danna bawul) tana murzuwa tsakanin yatsuna, na riƙe sukurun na ɗaure noti na sake gwadawa, duka shida haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, da ma'aunin da ba shi ba.

Da ta tashi sai na ji inji shiru, babu kas-kas ɗin nan da na sani tun ina yaro, har daɗi na ji na kira 'yan gida su zo su saurara. Da ta ɗan yi aiki na sake ɗaure notocin top, wato kan injin, kamar yadda ake yi wa sabon gasket, ban koma kan tafet ba tunda ai ban taɓa sukurun ba. Gasket ya ƙara kwanciya, top ya ɗan sauka, ɗan gibin da ya rage ya ƙarasa tafiya.

Ruwa ya sauka muka shiga haro, sati bai cika ba ta fara wuyar tashi da safe, farin hayaƙi, in garma ta kama ƙasa sai ta riƙa tari ta salansa. Na zargi gas, na zargi nozul har na kai su Gombe aka duba aka ce lafiyarsu ƙalau, kuɗi da kwana biyu sun tafi a banza. Sai da Baba ya zo da kansa, ya buɗe murfin sama ya kama roka ya jijjiga, ko motsi. Ya ce kawo min abin da ka auna da shi. Da na miƙa masa sai ya goge reshen da babban yatsa ya nuna min .005 a saman, bai min faɗa ba, gara ma a ce ya yi.

Da muka sauke top, bawul ɗin fitar hayaƙi na silinda ta biyu gefensa ya yi fari kamar toka, da ɗan gibi kamar ɓera ya gatsa. Shi wannan bawul in ya zauna daram a mazauninsa ne yake sauke zafinsa, in ya kasa rufuwa wuta ce take bi ta gefen tana cinsa. Sabon bawul, wani gasket kuma, ga kuɗin taraktar haya da na biya don kar shuka ta wuce mu.

Don Allah duk wanda aka ba shi lamba ya tambaya inci ne ko milimita, kuma in ka sake ɗaure top ka koma ka auna tafet ko da ba ka taɓa komai ba. Reshen ya shiga yana ɗan ja kaɗan, ba da tilas ba. Ni dai na sayi sabuwar fila gej, reshen .012 na ɗaura masa jan zare. Jiya da asuba bugu ɗaya ta tashi, da ɗan kas-kas ɗinta irin na lokacin mahaifinmu, yau tana gonar masara.