Faifan tera huɗu da abin da ya jawo mini

A ƙarshen wannan wata zan miƙa makullin shagon gyaran kwamfutar da na yi shekara shida ina aiki a cikinsa a Kano, kuma da na zauna ina lissafin abin da na koya, sai na tarar aiki guda ya danne sauran, wato faifan ajiyar wani mai ɗaukar bidiyon biki da aka kawo mana a shekarata ta biyu.

Faifan na tera huɗu ne, amma tera biyu kawai kwamfutar mutumin take ba shi, kuma ya cika su maƙil da bukukuwan jama'a. Da na jona shi na buɗe Disk Management, manhajar Windows mai nuna yadda aka rarraba faifai, sai na ga ɓangare guda mai shuɗin layi na giga 2048, a gefensa kuma fili mai baƙin layi na giga 1678 wanda Windows ta ƙi yarda a yi komai da shi. Lafiyar faifan ƙalau. Wanda ya fara saita shi ne ya ɗora shi a kan MBR, tsarin rarraba faifai da aka fito da shi tun 1983, wanda yake rubuta lambar kowane gurbi da bit 32, saboda haka ƙidayarsa ba ta wuce gurbi 4,294,967,296. Kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, idan aka ninka kuwa lissafin yana tsayawa daidai a kan giga 2048, abin da ya haura nan yana cikin faifan amma ba shi da adireshin da za a neme shi da shi. Maganin shi ne a mayar da faifan kan GPT, sabon tsari mai ƙidaya da bit 64, sai dai Disk Management ba ta yin wannan juyi sai an share duk ɓangarorin da ke kai.

Na ce wa maigidana, "Oga, faifan nan a cike yake, kuma juya shi goge shi ne." Ko kallon allon bai yi ba ya ce, "Ai Alhaji ya ce ya kwashe kayansa. Aikin minti biyar ne, ka yi ka ba shi, yana da kamu da la'asar." Alhajin, wato mai faifan, yana zaune a kan benci a bakin shago, tsakanina da shi bai fi taku goma ba, amma ban tashi na tambaye shi da bakina ba, domin a shagon nan yaro ba ya tsallake maigida ya yi magana da mai kawo aiki, kuma an taɓa wanke ni tas a kan haka a gaban mutane. Na buɗe diskpart, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni kan faifai, na zaɓi faifan, na rubuta clean. Wannan umarni ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Na bi shi da convert gpt, na yanka sabon ɓangare, na yi masa fomatin gaggawa, sannan, don in nuna ƙwazo, na zuba masa wajen giga talatin na tarkacenmu in gwada saurinsa, na goge. Na kira Alhaji na nuna masa giga 3726 reras ina jiran yabo. Ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. To ina bukukuwan?"

Ashe abin da ya kwashe biki biyu ne na baya-bayan nan da yake tacewa a kwamfutarsa, sauran duk wannan faifai ne kaɗai gidansu.

Abin da ya fi cin raina shi ne abin da na gano daga baya. Umarnin clean bai taɓa bidiyo ko ɗaya ba, teburin da ke nuna inda ɓangare ya fara da inda ya ƙare kawai ya share, kuma da a nan na tsaya da manhajar TestDisk mai gano ɓataccen ɓangare ta dawo da shi kafin a kira la'asar. Fomatin da gwajin da ba wanda ya sa ni su ne suka taka tsohon kundin NTFS mai riƙe da sunayen fayiloli da wuraren da gutsattsarinsu suke. Dare tara na yi da manhajar PhotoRec ina tsamo abin da ya tsira zuwa wani faifan aro. Hotuna sun dawo da yawa, amma ba suna sai lambobi, dole na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina rarraba amare ta launin anko. Dogayen bidiyo kuwa wasu suna buɗewa su mutu a tsakiyar rawa. Biki uku ne ba a riga an miƙa wa masu su ba, biyu sun haɗu da ƙyar, na ukun ya tafi gaba ɗaya, sai da Alhaji ya taka da ƙafarsa gidan iyayen amarya ya ba da haƙuri.

A gaban Alhajin maigidana ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu ba sa tambaya." Aka riƙa yankar rabin albashina har wata uku. Laifina na amsa shi, domin yatsana ne ya danna, kuma na ga faifan a cike da idona. Amma na yi tambaya, kuma wanda ya ba ni amsa ya san ya ba ni. Tun daga ranar ba na goge faifan kowa sai mai shi ya tsaya a kaina, na buɗe masa abin da ke ciki, ya ce da bakinsa ya yarda. An ce ina da taurin kai da jan aiki, ban kuwa sake ba. Wanda zai gaje ni ya sani cewa kalmar "an ce" ba ta isa hujja a wannan teburi, kowane ne ya faɗe ta.

Da na nutsu na kuma gane cewa tun farko ma ba sai an goge ba, domin manhajar gdisk ta Linux tana juya MBR zuwa GPT da kayan a ciki, ko da yake ni yanzu ba na yin ko wannan sai da kwafi a gefe. Manhajar mbr2gpt da ta zo da Windows 10 a 2017 an yi ta ne don faifan da Windows ke tashi daga kansa, kuma bayan juyin sai an koma UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba.

Sauran abubuwan da na koya sun zo da sauƙi. Faifan tera uku da ya nuna giga 746 ƙidaya ce ta cika ta zagayo, wato 2794 a cire 2048, kuma mai laifin yawanci tsohuwar direbar SATA ce ko tsohon akwatin USB, kada a rubuta masa komai sai an sauya su. Faifan tera ɗaya da ya nuna giga 931 ba cuta ba ce, kamfani yana ƙirga da 1000 ne, Windows kuma da 1024. Tsofaffin injuna da ke tsayawa a giga 137 iyakar bit 28 ce. Wanda aka sayo da arhar banza kuwa a cika shi da H2testw, manhajar gwada ainihin girman faifai, kafin a yarda da lambar da ke jikin kwali.

Alhaji bai sake kawo mana aiki ba. Na haɗu da shi bara a wani ɗaurin aure da kyamara a kafaɗarsa, muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, ya ce in gaida Oga. Na isar da gaisuwar, Oga ya ce wane Alhajin.