Tarihin Rayuwata (Kashi na 17): Ranar da Magariba Ta Yi da Hantsi

A makon jiya na tsaya ne a inda aka damƙa mini aji na farko, ina sabon malami, ban fi wata biyar da fara riƙe alli ba. Yau zan ɗan ajiye labarin koyarwa, domin a wannan zangon karatun ne aka yi wani abu da har gobe in 'yan gidanmu suka taru sai an yi musu a kansa. Musun kuwa ɗaya ne: wai yaya duhun ranar ya kasance?

Ranar Laraba ce, 29 ga Maris 2006, a ƙarshen watan Safar na 1427. Tun kwanaki kafin nan rediyo ke ta sanar da cewa za a yi kusufin rana, kada kowa ya ɗaga ido ya kalle ta kai tsaye. Ni kuwa ban ɗauki abin da zafi ba, kuma Baba ne ya sa. Shi ya ga wanda aka yi ranar 30 ga Yuni 1973, wanda a hamadar Nijar rana ta ɓace har sama da minti bakwai. Amma a inda Baba yake a lokacin wani sashe ne kawai na ranar ya rufe. Don haka ya ce mana, "Ku kwantar da hankalinku, gari ne zai ɗan lumshe kamar za a yi ruwa, shi ke nan." Da wannan maganar na fita aiki.

Abin da ni da Baba ba mu lura da shi ba, wannan karon muna tsakiyar hanyar inuwar wata, wato inuwar da ke sauka a ƙasa idan wata ya shiga tsakanin rana da duniya ya tare haskenta. Inuwar ta taso daga gabashin Brazil da fitowar rana, ta ƙetare tekun Atlantika, ta sauka a Ghana, ta ratsa Togo da Benin, ta shigo Najeriya ta yamma ta haura arewa, ta wuce Nijar, ta taɓa Chadi, ta bi Libiya da gefen Masar da Turkiyya, ta je ta ƙare a Mongoliya. Duk nisan tafiyar nan, faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Wanda ke cikin wannan siririn layi da wanda ke gefensa, abu biyu daban suka gani, kuma daga nan musun gidanmu ya samo tushe.

Bayan ƙarfe tara na fito da yarana fili. Na huda kwali da allura, na sa farar takarda a ƙasa, hoton rana ya fito ɗan mitsitsi, gefensa ɗaya kamar an gutsire. Yara suka yi ta turereniya suna leƙe. Amma in ka ɗaga kai ka dubi gari, babu abin da ya canza. Har rabin rana ya tafi, gari na nan tarwai. Wani yaro ya ce, "Malam, wannan ne kusufin?" Na ce masa shi ne, ni ma a raina ina ganin maganar Baba ta tabbata.

Wajen minti goma sha biyar kafin a rufe ta gaba ɗaya ne na fara jin wani iri. Hasken bai ragu sosai ba, launinsa ne ya sauya. Ya koma fari fat, babu ɗumi a cikinsa, kamar fuskar wanda ya daɗe yana jinya. Inuwata a ƙasa ta yi kaifi, har gashin hannuna ina iya rarrabewa a cikinta. A ƙarƙashin bishiyar da ke bakin aji, hasken da ke ratso ganye ya zube a ƙasa ɗaruruwa, kowanne da siffar jinjirin wata. Iska ta yi sanyi. Tsuntsaye suka fara kai-kawo suna neman sheƙa. Yaran da ɗazu ake fama da su su yi shiru, suka yi tsit da kansu.

Sai duhun ya taho. Na ce ya taho ne domin da idona na ga tahowarsa daga kudu maso yamma, sama ta can ta yi baƙi kamar hadarin tsakiyar damina, alhali babu gajimare. Ban gama juyowa ba ya rufe mu. Abin da magariba ke yi a hankali cikin rabin sa'a, ranar cikin 'yan daƙiƙoƙi aka yi shi.

Na ɗaga kai, don a wannan ɗan lokacin ne kaɗai ido ke iya kallo ba tare da cutuwa ba. A inda rana take sai ga baƙin faifai, baƙin da ban taɓa ganin irinsa ba, kewaye da shi wani farin haske mai laushi yana bazuwa kamar gashin tsohuwa a iska. Gamzaki ya fito ƙarara da hantsi. Can ƙasa kuwa, a bakin sama, ko'ina ka juya ja ne da ruwan goro, gabas da yamma, kudu da arewa, kamar rana ta faɗi ta kowace kusurwa lokaci guda. Daga cikin gari na jiyo salati da kabbara da kukan yara. Wata yarinya 'yar aji uku ta kama gefen rigata ta ce, "Malam, za ta dawo?" Na ce, "Za ta dawo, da yardar Allah." Na karanta a littafi, na san za ta dawo, amma muryata rawa take yi.

Abu ɗaya na yi wanda daga baya ya zame mini hujja: na duba agogon hannuna, kuma na karanta shi. Na ga fuskar yarinyar nan, na ga hawayenta. Minti uku da wani abu muka yi a haka, sannan wani ɗigon haske ya ɓullo a gefen faifan, gari ya waye a karo na biyu, zakaru suka yi cara.

An yi sallar kusufi. Liman ya tunatar da mu cewa an yi kusufi ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka ce saboda rasuwar ce, sai Manzo ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Da muka fito na tarar da Baba zaune ya yi jugum. Ya dube ni ya ce, "Ashe ni ban taɓa ganin kusufi ba sai yau."

Da dare aka fara musun. Inna ta ce, "Ɗan nan, wallahi ko tafin hannuna ban gani ba, tsakar dare sosai aka yi." Na ce, "Inna, ai ni har agogo na duba." Ta ce to idona daban ne. Washegari muka yi waya da Yaya, wanda a lokacin yake aiki a wani birni da ke wajen hanyar inuwar, inda aka rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na rana. Ina cikin ba shi labarin Gamzaki ya katse ni: "Kai dai akwai ka da ƙarin gishiri. Ina tsaye a waje tun farko har ƙarshe, gari ya ɗan dusashe, kowa ya ci gaba da aikinsa." Maganar nan ta yi mini ciwo. Abu mafi girma da na taɓa gani a rayuwata, yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana ganin ƙirƙira na yi. Shekaru muka yi duk lokacin da zancen ya taso sai mun rabu kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai faɗi daidai ba.

Sai da na koma ƙaro karatu na fahimci cewa babu maƙaryaci a cikinmu. Hasken rana ya ninka na wata ɗan daren goma sha huɗu kusan sau dubu 400. Ke nan ko da an rufe kashi 99 na rana, kashi ɗayan da ya rage ya kai hasken cikakken wata dubu huɗu a haɗe. Ga shi ido yana buɗewa a hankali yayin da haske ke raguwa, ya yi ta cike giɓin ba tare da mai shi ya sani ba. Shi ya sa Yaya, da Baba a 1973, ba su ga komai ba sai lumshewar gari. Duk abin da na gani yana cikin kashi ɗayan nan na ƙarshe ne, wanda bai iso inda suke ba.

Maganar Inna ce ta fi ɗaukar mini lokaci. Duhun cikakken kusufi a fili bai kai na tsakar dare ba, ya fi kama da bayan magariba kafin isha. Dalili kuwa, can bayan iyakar inuwar rana tana nan tana haskawa, kuma wannan hasken ne ke kutsowa ta bakin sama, shi ne jan da na gani a kowace kusurwa. Farin hasken da ke kewaye da faifan shi ma ya kai kimanin na cikakken wata. To me ya sa Inna ba ta ga tafinta ba? Bayan shekaru ƙanwata ta tuna mini cewa da duhun ya taho Inna ɗaki ta ruga don ɗauko jikanta da ke barci. Mutumin da ya fito daga hasken hantsi ya faɗa ɗaki a wannan lokacin, idonsa na buƙatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu sosai, shi kuwa kusufin ko minti huɗu bai kai ba. Gaskiya ta faɗa. Na yi nadamar musun da na yi da ita, domin ni ina kallon sama ne, ita kuwa tana lalubar jariri a cikin duhu, zuciyarta na bugawa.

Kwanakin baya na haɗu da ɗaya daga cikin yaran ajin nan, yanzu shi ma magidanci ne. Da zancen ya zo ya ce, "Malam, ka tuna yadda taurari suka cika sama?" A wuri ɗaya muka tsaya ni da shi, kuma ni Gamzaki kaɗai na riƙe. Ban musa masa ba. Yaro ɗan shekara tara da ya ga tauraro da hantsi, a tsorace, ba abin mamaki ba ne in shekaru sun mayar masa da shi dubu. Ni kaina akwai abubuwan da nake ba da labari yau waɗanda agogon nan ne kaɗai ke ba ni ƙarfin gwiwar cewa haka suka faru.

Masana sun ce a kan yi kusan shekara 375 kafin cikakken kusufi ya sake bi ta wuri guda, don haka ban sa ran zai sake tarar da ni a filin makarantar nan ba. Amma lissafinsa sananne ne tun kafin ya zo. Ranar 2 ga Agusta 2027 inuwar za ta bi ta Luxor a Masar, inda za a yi sama da minti shida, ta wuce ta Jidda da Makka. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma za ta ratsa kudancin Najeriya. Da na faɗa wa Yaya, ya yi shiru, sannan ya ce, "In Allah ya kai mu, ka nemo mana wuri a tsakiyar layin, ni ma in gani da idona." Na rubuta kwanan watan a bayan Alƙur'anin da Baba ya bar mini, Allah ya jiƙansa.

A mako mai zuwa zan koma aji, in ba ku labarin jarrabawar farko da na shirya wa yaran nan da abin da ya biyo bayanta.