Littafin da aka ajiye mini a gaban Saraswati

Saura kwana huɗu in bar Kolkata, kuma cikin kayan da nake ɗaurewa babu abin da na daɗe ina juyawa a hannu kamar littafin da nake rubuta sakamakon gwaje-gwajena, wanda har yau akwai tabon jan gari a bangonsa. Ina rubuta wannan ne domin ƙannenmu da ke shirin zuwa karatu jihar Bengal ta Yamma a ƙasar Indiya, inda Kolkata take.

Mabiya addinin Hindu suna bauta wa Saraswati a matsayin allahiyar ilimi da kiɗa da fasaha, suna siffanta ta da fararen tufafi, riƙe da littafi da carbi da wani abin kiɗa mai tsirkiya da suke kira bina, ga farin tsuntsu mai kama da dinya a gefenta. Bikinta, wato Basant Panchami, yana faɗowa ne a rana ta biyar ta hasken wata a watansu na Magha, kuma a 2023, shekarata ta farko, ya dace da 26 ga Janairu, Ranar Jamhuriyar Indiya. Ɗalibai ne suke yin karo-karo su sayo gunkin yumɓu, su sa tufafi ruwan ɗorawa, a dafa shinkafa da ƙananan wake a raba. A ranar ake kama hannun ƙananan yara su rubuta harafinsu na farko da alli a kan allo. Duk wannan na ji labarinsa. Abin da ban sani ba shi ne ɗalibai suna jera littattafansu da alƙalumansu a ƙafafun gunkin su kwana a can, kuma ba a karatu a wannan rana.

Da safe na tafi sashenmu da niyyar cin moriyar hutun, na nemi littafina a kan tebur na rasa, sai na hango shi a zaure cikin na sauran ɗalibai, an watsa masa furanni. Dattijon da ke kula da na'urorin ɗakin gwaji, wanda kowa ke kira Dada, wato Yaya, shi ya kai shi, saboda ya ga wata uku gwajina yana lalacewa. Ban tsaya tambaya ba. Na ratsa taron da takalmina alhali kowa ya tuɓe nasa, na taka zanen garin shinkafar da 'yan mata suka kwana suna yi a ƙasa, na fizge littafin ana tsakiyar miƙa furanni, na kuma ɗaga murya na ce kada wanda ya sake haɗa kayana da gumakansu.

Har gobe ba zan yarda littafina ya kwana a wurin ba, domin addinina bai ba ni wannan dama ba, kuma ban taɓa neman afuwa a kan hakan ba. Laifina shi ne mako biyu ina ganin ana shiri ban buɗe baki na gaya wa kowa iyakata ba, sannan na tozarta dattijon da ya yi abin da a wurinsa alheri ne, a gaban yaran da ya haifi sa'o'insu. Da na je ba shi haƙuri, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da na jira minti goma da shi da kansa zai ɗauko mini.

Malamin da ke duba kundina yana tsaye a wurin ranar, bai ce uffan ba, kuma bai taɓa kirana ya ce na yi kuskure ba, abin da da na karɓa hannu bibbiyu. Maimakon haka sai babina na uku ya yi wata bakwai a teburinsa, kullum amsar ita ce in dawo mako mai zuwa, har wanda muka fara tare ya kammala ya bar ni ina sabunta biza da biyan kuɗin ƙarin zango. Wasu na cewa aiki ne ya yi masa yawa; ni dai na ga babukan da suka zo bayan nawa sun fita kafin nawa.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ɗalibi ya riƙa tura kowane babi ta imel domin kwanan wata ya zama shaida, ya nemi kalandar bukukuwan jiharsa tun makon farko, kuma kada ya raina ma'aikatan ɗakin gwaji.

Da bikin ya zagayo ranar 14 ga Fabrairun 2024, Dada ne ya kulle littafina a durowarsa tun jajibiri, ya gargaɗi sababbin ɗalibai. Al'adar ɗalibansu ce ba sa cin magarya sai an yi bikin, don haka da rana ya kawo mini ƙulli guda, ya ce daga kasuwa ya sayo, ba a kai ta gaban gunki ba. Kundina ya wuce hannun mai jarrabawa na waje ba tare da gyara mai nauyi ba. Takardar shaidar da na roƙi malamina tun watan jiya kuwa, ya ce in dawo mako mai zuwa.